Fiffiken Bayan Mota: Ado Ne Ko Aiki?



Duk wanda ya taɓa leƙowa ajinmu lokacin tara ya san musu biyu ne ba sa ƙarewa a wurinmu: musun ƙwallo da musun mota. Makon da ya wuce na mota ne ya tashi. Abokina da muke zama benci ɗaya ya zo da sabon littafin rubutu, a bangonsa akwai hoton wata jar mota mai ƙaton fiffike a baya. Ya ɗaga littafin sama ya ce duk motar da aka ga fiffike a bayanta, to ta fi sauran gudu. Kusan duk ajin suka ce haka ne. Ni na ce ban yarda ba. Nan take aka yi mini ca, wani ma ya ce me na sani a kan mota, ni da ko keke sai na ara.

Gaskiya ne keken aro nake hawa. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Na yi kwana biyar ina aron wayar yayana da daddare ina karatu, na kuma tsare malaminmu na fasaha da tambayoyi har sai da ya ce in bar shi ya sha ruwa. Yanzu na kawo amsata nan jikin bango, inda babu mai katse ni da ihu.

Ra'ayina shi ne, a motar gudu ta gaskiya iska ce ke yanke hukunci a kan siffa. Kowace lanƙwasa da kowace kafa da ke jikin motar akwai aikin da take yi. Wanda ya kwaikwayi siffar ya bar lissafin, ado kawai ya saya, kuma wani lokacin adon nan yakan jawo kuka.

Iska tana da nauyi

Mun saba cewa kwalba babu komai a cikinta, alhali cike take da iska. Iskar da ke cikin wuri mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya, nauyinta ya ɗan wuce kilo ɗaya. Na auna ajinmu da babbar rular allo: tsawo kamar mita 9, faɗi mita 7, tsayi mita 3. Idan aka ninka su ana samun 189. Ke nan iskar da muke zaune a cikinta ta haura kilo 200, nauyin buhun siminti huɗu. Ba ma lura da ita ne saboda a hankali muke tafiya cikinta. Amma duk abin da ke gudu, dole ya ture ta gefe kafin ya wuce.

Kowa a cikinmu ya taɓa jin wannan turjiya. Ka tuna ranar da ka tuƙa keke kana fuskantar iskar hunturu, kana taka feda kamar ana riƙe ka ta baya. Ka dubi mai babur sanye da babbar riga, yadda rigar ke kumbura tana ja da shi. Ka dubi masu tseren keke a talabijin yadda suke sunkuyar da kai har kusa da kan keken. Duk da iska suke fama.

Ga lissafin da ya fi ba ni mamaki. Idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don ya rinjaye ta kuma yakan ninka sau takwas. Motar da ta tashi daga gudun kilomita 100 a awa zuwa 400 ta ninka gudunta sau 4. Turjiya ta zama 4 × 4, wato sau 16. Ƙarfin da ake buƙata ya zama 4 × 4 × 4, wato sau 64. Wannan fa shi ne darasin ninka lamba da kanta, wanda muka yi ta hamma a kansa a zangon da ya wuce.

Motar da ke sauya siffa

Motar da na ɗauka misali ita ce Bugatti Veyron. An fara sayar da ita a 2005, ana haɗa ta a garin Molsheim na ƙasar Faransa, a lokacin kamfanin yana hannun Volkswagen na Jamus. Injinta silinda 16 gare shi, da ƙarfin doki 1001, kuma ƙarshen gudunta kilomita 407 ne a awa. Wato tana cin mita 113 a sakan ɗaya, fiye da tsawon filin ƙwallo. A kowane sakan ɗin nan tana ture iskar da ta fi wadda ke cikin ajinmu yawa. A irin wannan gudu tankinta mai cin lita 100 yakan ƙare cikin minti 12 ko kusa da haka. Da daga Kano ta taso, ba za ta kai Zariya ba. Kuma mafi yawan ƙarfin da injin ke aikawa tayoyi, a faɗa da iska yake ƙarewa.

Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne, tana sauya siffarta gwargwadon gudun da take yi.

Idan tana tafiya a cikin gari, tsakanin cikinta da ƙasa santimita 12.5 ne, fiffikenta kuma yana kwance cikin jikinta, ba ka ma ganinsa sosai.

Idan ta kai gudun kilomita 220 a awa, sai ta durƙusa kusa da ƙasa da kanta, fiffiken ya miƙe sama. A nan ne iska ke fara danne ta sosai a kan titi.

Idan kuma direba yana son ya kai ƙarshen gudunta, sai ya tsaya cak, ya sa wani makulli na biyu a gefen kujerarsa. Motar za ta ƙara durƙusawa har ya rage santimita 6.5 tsakaninta da ƙasa, wasu kafofin iska na gaba su rufe, fiffiken kuma ya koma ya kwanta, sai ɗan kaɗan da ya rage a waje.

Sannan idan direba ya taka birki da ƙarfi tana tsananin gudu, fiffiken yakan miƙe tsaye ya tare iska kamar wanda ya buɗe lema, ya taya birkin tsayar da motar.

'Yan ajinmu, ku sake karanta waɗannan layuka. Lokacin da motar ke neman ƙarshen gudunta, kwantar da fiffiken take yi. Lokacin da take neman tsayawa, shi take ɗagawa. To wa ya ce fiffike ƙara gudu yake yi?

To mene ne aikinsa?

Ka yanko takarda doguwa, ka riƙe bakinta a ƙasan leɓenka, ka hura iska ta samanta. Za ka ga ta ɗago. Iska mai gudu tana iya ɗaga abu. Ita ce ke ɗaga jirgin sama, ita ce kuma ke yaye kwanon rufi a farkon damina. Mota ma haka, saboda samanta a lanƙwashe yake, idan gudu ya yi yawa iska takan fara rage mata nauyi a kan titi.

Wannan babban haɗari ne. Wurin da kowace taya ke taɓa kwalta bai wuce girman tafin hannu ba. Tafin hannu huɗu ne ke riƙe da mota gaba ɗaya, da su take shan kwana, da su take tsayawa. Idan iska ta ɗaga bayan motar ko da kaɗan ne, riƙon ya ragu, direba zai juya sitiyari motar ta yi inda ta ga dama.

Fiffiken mota fiffiken jirgi ne da aka kifa. Na jirgi sama yake ɗagawa, na mota ƙasa yake dannawa. Yana ƙara wa tayoyi riƙo, amma ba kyauta ba, domin yana ƙara turjiya, ya rage gudu, ya ƙara shan mai. Ciniki ne: ka ba da gudu kaɗan, ka karɓi riƙon titi.

Injiniyoyi suna da lambar da suke auna sulɓin siffar mota da ita. Idan lambar ta yi ƙasa, motar ta fi ratsa iska cikin sauƙi. Ta Veyron 0.41 ce, idan an sa makulli na biyu ta sauko 0.36. Ta Toyota Prius, motar iyali mai tsimin mai, tana wajen 0.26 ko ƙasa da haka. Ashe motar kai yara makaranta ta fi motar miliyoyi sulɓi! Dalili kuwa, Veyron tana biyan kuɗin riƙon titi, tana kuma biyan kuɗin sanyaya inji. Lagireto 10 gare ta. Manyan kafofin nan na gaba da na gefe da muke cewa sun yi kyau, hanyar shigar iska ce don kada zafi ya kashe injin.

Ba da ka ake gano duk wannan ba. Kamfanoni suna da ɗakin gwajin iska, wani dogon zaure mai ƙatuwar fanka. Sai a ajiye motar a tsakiya, a saki iska, a saki siririn hayaƙi don a ga inda iskar ke bi lafiya da inda take rikicewa, na'urori kuma suna auna turawa da dannawa. A gyara nan, a sake gwadawa, a rage can, a sake gwadawa.

Kyan ɗan maciji

Akwai motar da ta nuna abin da ke faruwa idan ido ya riga iska magana. A 1998 kamfanin Audi na Jamus ya fito da motar TT. Gabanta a zagaye, bayanta a zagaye, sumul babu fiffike, mutane suka yi ta yabon kyanta. To a Jamus akwai sassan manyan hanyoyi da ba a ƙayyade gudu ba. Da direbobi suka fara kai ta wajen kilomita 180 a awa, sai aka fara samun haɗurra, musamman idan an sauya layi ko an sha kwana da sauri, har aka rasa rayuka. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne bayan motar yana yin sakayau idan gudu ya yi yawa. Tsakanin ƙarshen 1999 da farkon 2000 kamfanin ya kira motocin da ya sayar, ya ɗora musu ɗan ƙaramin fiffike a kan but, ya gyara ƙafafunsu, ya kuma ƙara na'urar da ke hana mota zamewa.

Ku lura da girman abin da aka ɗora. Ƙarami ne, amma an auna shi, an san inda zai zauna. A nan fiffike ya yi aikinsa na gaskiya, wato tsare rai.

Inda abokina ya yi gaskiya

Ba zan yi masa rashin adalci ba. Da na nuna masa abin da na rubuta, ya ce, "To ai ba lissafi mutane ke liƙawa a bangon ɗaki ba, hoto suke liƙawa." Na rasa ta cewa na ɗan lokaci, domin akwai motar da ke goya masa baya.

Sunanta Lamborghini Countach, ta ƙasar Italiya. Marcello Gandini ne ya zana ta, aka fara nuna ta a 1971, aka yi ta sayar da ita daga 1974 har 1990. Ƙofofinta sama suke buɗewa kamar almakashi, gabanta kamar bakin gatari. Duk wanda ya gan ta zai rantse tana yanka iska kamar reza. Amma lambar turjiyarta ta haura 0.40, motocin iyali da yawa na yau sun fi ta sulɓi. Ƙaton fiffiken da ake ganinta da shi a hotuna kuwa, sai mai saye ya ce yana so ake ɗora masa, kuma rage mata gudu yake yi. Duk da haka mutane da yawa suka biya aka ɗora musu, har yau kuma ana sonta.

Saboda haka na yarda ido yana da haƙƙinsa. Babu mai son mummunar mota, ni ma ba na so. Ado ba laifi ba ne. Inda laifin yake shi ne mutum ya gaskata cewa adon ya ba shi abin da bai ba shi ba, sannan ya hau titi da wannan imani.

Abin da ya faru a layinmu

Wannan ne ainihin abin da ya sa maganar ta dame ni. Akwai wani yaya a layinmu da ke da tsohuwar ƙaramar mota. Ya je wurin mai walda aka huda but ɗinta, aka ɗaura mata fiffike mai tsayi, ya cire tukunyar salansa don ta riƙa ƙara, ya liƙa mata sitika a gefe. Mu yara muna binsa da ido, ni ma har na taɓa roƙonsa ya bar ni in wanke ta. Kullum cewa yake yi yanzu motarsa ta kama ƙasa, babu kwanar da za ta kayar da shi.

Ranar wani ɗaurin aure samari suka fito wasan mota a bakin layi. Mutane sun yi da'ira suna tafi. Da ya zo juyawa, motar ta kufce masa ta yi kan teburin mai shayi. Allah ya kiyaye babu wanda ya rasu, amma wani yaro sa'ana da muke zuwa Islamiyya tare ya karye a ƙafa, bai zana jarrabawar wannan zangon ba. Ina wurin, tsakanina da shi bai wuce taku biyar ba.

Yanzu da na yi karatu na gane fiffiken nan babu abin da yake yi masa. Mu koma lissafinmu. Bugatti ba ta ɗaga nata fiffiken sai ta kai kilomita 220. Kashi ɗaya cikin huɗu na wannan shi ne 55. A gudun 55, dannawar da fiffike zai yi kashi ɗaya ce kawai cikin 16. Wannan ma idan fiffiken gaske ne da aka gwada a ɗakin iska, balle wanda aka ɗaura da ido. A Najeriya dokar hanya ta ce ƙaramar motar gida kada ta wuce kilomita 50 a cikin gari, 100 a babban titi mai hannu biyu. Ke nan a duk gudun da doka ta yarda da shi a ƙasar nan, ita kanta Bugatti ba ta buƙatar ɗaga fiffikenta. Kuma motar da ke santimita 6.5 daga ƙasa, tudun rage gudu na farko a unguwarmu zai tsayar da ita. Wannan gudun an yi shi ne don filin gwaji da aka killace, irin na Ehra-Lessien a Jamus mai miƙaƙƙen titi na kusan kilomita 9, inda babu mai shayi, babu akuya, babu yaro ɗan aike.

Abin da ke kama ƙasa a titinmu shi ne taya mai kyau, birki mai kyau da direba mai hankali. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Mu ma za mu iya

Kada wani ya ɗauka ina cewa mu daina son motoci. Ni da na cika bayan littafin lissafina da zanen mota har aka taɓa zane ni a kai, ba zan faɗi haka ba. So nake mu so su ta hanyar da za ta amfane mu.

Akwai ɗan Sakkwato, Jelani Aliyu, wanda ya yi aikin zanen motoci a kamfanin General Motors na Amurka. Shi ya zana samfurin farko na Chevrolet Volt, mota mai amfani da lantarki, wanda aka nuna a birnin Detroit a 2007. Daga baya, a 2017, aka naɗa shi shugaban hukumar tsara motoci ta Najeriya. Ita ma Volt ɗin, kafin a fara sayar da ita a ƙarshen 2010, sai da aka daɗe da ita a ɗakin gwajin iska aka sauya mata siffa, domin batir ɗinta ya ƙara kai ta nesa. Mai zane yana kawo kyau, iska tana duba aikinsa kamar yadda malami ke duba namu. Idan ɗan Arewa ya kai can, mu da muke ƙera motar langa-langa da ta kara tun muna firamare me zai hana mu?

Ina da roƙo guda uku.

Na farko ga 'yan'uwana ɗalibai. Idan kuka ga hoton mota, kafin ku ce ta haɗu, ku tambayi kanku: wannan kafar ina take kai iska? Wannan fiffiken a wane gudu zai fara aiki? Idan babu amsa, ku kira shi ado, ba komai.

Na biyu ma gare mu ne. Idan ana wasan mota, kada mu je mu tsaya kallo. Tafinmu ne ke zuga masu yi, kuma mu ne a sahun gaba idan mota ta kufce.

Na uku ga malamanmu na kimiyya da fasaha da lissafi. Don Allah a taimaka mana mu haɗa ƙaramin ɗakin gwajin iska. Abin da muke buƙata kwali ne dogo, fankar tebur, ledar gani ta gefe, da hayaƙin turaren tsinke. Kowane rukuni ya ƙera motarsa, wata mai siffar akwati, wata mai siffar kifi, nauyinsu ɗaya, mu ga wadda iska za ta fi turawa baya. Na tabbata ranar babu wanda zai yi hamma.

Shi kuma abokina mai jar mota, har yanzu benci ɗaya muke zama, kuma har yanzu bai ce ya sallama ba. Ya ce zai rubuto martani a fitowa ta gaba. Ina jiransa, amma ya zo da lissafinsa.

Allah ya kiyaye mu a kan hanya, ya ba mu ilimi mai amfani. 

Daga ɗan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta, aji biyu na ƙaramar sakandare.